Ranar da Indo Mai Ɗori Ta Rasa Yatsu Uku

A wani ɗan ƙauye da ake kira Gidan Ɗanhausa, tsakanin Daudawa da Damari, aka haifi Indo. Bamagujiya ce, gajera, mai kauri, ga murya kamar ta namiji. Ubanta maɗori ne. Ɗansa namiji ɗaya, Ɗanasabe, ba ya iya kallon jini, don haka tsohon ya koya wa Indo sana'ar. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ta taɓa koya wa wanda ba jininsu ba. Kafin ta cika shekara arba'in, daga Faskari har Ƙanƙara ana ɗauko masu karaya a kan jaki a kawo mata. Ba ta da lallashi. In mutum ya yi ihu, sai ta ce, "Yi kukanka, ni dai ƙashi nake wa magana."

Shekara ɗaya bayan ƙarin albashin ma'aikata na Udoji, aikin hanya ya iso yankin. Wani ɗan kwangila ya buɗe ramin marmara a bayan ƙauyen, ya zuba leburori sun kai talatin. Tifofi suka riƙa ratsa tsakiyar gari a guje daga safe har yamma. Sun take awaki, sun take kaji. Dattawa sun yi magana sau biyu, ba abin da ya canja.

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar kaka, Ɗanasabe ya koro jakinsa da damin dawa. A kwanar bishiyar kuka wata tifa ta fito da cikakken kaya, ta kwashe shi da jakin gaba ɗaya, ta ja su a ƙasa har bakin rijiya kafin ta daki kututture ta tsaya.

Mazan da ke girbi suka taso da abin da ke hannunsu: adda, gatari, sanda. Direban, wani mutumin Zariya mai suna Mamuda, ya kulle ƙofa. Suka fasa gilashi suka jawo shi ta taga. Sandar farko ta fasa masa goshi. Ya tashi zai gudu, wani ya sakar masa ƙotar gatari a ƙauri, har matan da ke bakin rijiya suka ji ƙarar ƙashin.

Leburorin ramin suka jiyo ihu, suka sheƙo da shebur da diga. Nan wuri ya hargitse. Ba wanda ya tsaya tambaya. Wani lebura ya sari Sha'ibu maƙeri da shebur a wuya, ya faɗi bai ko shura ba. 'Yan gari suka rufar wa leburan, suka bi shi har cikin gonar auduga, can suka bar gawarsa. Wani ya cinna wa tifar wuta. Da leburori suka ga an fi su yawa, sai suka watse cikin daji, suka bar Mamuda kwance cikin jini.

A lokacin ne Indo ta iso daga gona, da fartanya a kafaɗa. Ta fara zuwa wajen ɗan'uwanta. Ta durƙusa, ta taɓa wuyansa, ta kwance gyautonta ta rufe masa fuska. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta ga an kewaye direban, kuma Ɗanliti, babban ɗan marigayin, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana ture mutane da barandami a hannu.

Indo ta kutsa, ta faɗa kan Mamuda, ta rufe shi da jikinta.

"Gwaggo, tashi!" in ji Ɗanliti.

"Ba ni tashi."

"Ubana ya kashe! Ƙanenki ne, Gwaggo, ga shi can kwance!"

"Na gan shi, ni na rufe shi. Gawa uku ta isa yau, Ɗanliti. Aje ƙarfen nan."

Ɗanliti bai ji ba. Ya hango kan direban ta ƙarƙashin hammatarta, ya kai sara. Indo ta ɗaga hannun dama ta tare. Barandamin ya ratsa tafin, yatsu uku suka faɗi ƙasa, babban yatsa da manuni kaɗai suka rage. Jini ya yi tsartuwa ya wanke wa Ɗanliti gaban riga. Ya saki makamin, ya ja da baya, ya zauna daɓas a ƙasa.

Indo ta yagi bakin zanenta, ta ɗaure wuyan hannun da haƙori. Ta duba cikin matan, ta kira maƙwabciyarta, wata Musulma mai sayar da ƙuli-ƙuli da ba ta taɓa ɗori ba.

"Safara'u, zo nan. Ki aika a kawo min karan dawa da man shanu. Ku kuma ku kama shi ku kai ɗakina."

"Baba Indo, hannunki fa?"

"Hannuna ya riga ya tahi. Ƙafar nan ce ba ta tahi ba tukuna."

A tsakar ɗaki aka shimfiɗe Mamuda. Indo ta zauna ta jingina da bango, gumi na karyo mata, tana ba da umurni. Ta sa Safara'u ta bi ƙaurin da yatsa har ta ji inda ƙashin ya haura ɗan'uwansa. Ta sa mata biyu su danne cinya. "Ja! Kar ki ji tausayinshi, ja har ki ji ya zauna!" Safara'u ta ja tana hawaye, Mamuda ya suma, ƙashi ya koma wurinsa. Sai da aka jera kara aka ɗaure, sannan Indo ta yarda aka ɗora ta a kan keke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai ta asibiti a Funtuwa.

Washegari 'yan sanda suka zo suka kwashi maza tara. Da suka tambayi Indo wanda ya sare ta, cewa ta yi mutane sun yi yawa, ba ta ga fuska ba. Duk da haka Ɗanliti ya yi wata takwas a tsare. Da ya fito bai yafe mata ba. Ya kwashi iyalinsa ya koma Ƙanƙara, har ta mutu bai sake taka ƙofarta ba. Wannan ya fi yatsun ci mata rai. Mamuda kuwa ya yi kwana arba'in a ɗakinta. Wasu dangi sun daina gaishe ta saboda shi. Da ya fara takawa da sanda, mutanensa suka zo suka tafi da shi.

Hannun bai sake riƙe ƙashi ba. Indo ta yi wata biyu tana juya maganar ubanta, sannan ta yanke shawara ita kaɗai. Ta tara mata a ƙofar gidanta, Maguzawa da Musulmi da Kirista, ta ce duk mai ƙarfin zuciya ta zo ta koya. Da ƙafar akuya suke gwaji. Wadda ta yi ganganci kan sha ranƙwashi da manunin da ya rage. Mata goma sha ɗaya ta yaye, suka bazu a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, a zamanin da hanyoyi suka ƙaru, hatsarin mota da babur ma suka ƙaru.

Ta rasu da damina, tana da shekara sittin da 'yan kai. Safara'u, wadda ta tsufa tana ɗori a Damari, takan ce ita ba ta taɓa jin Indo ta yabi aikin kowa ba. In ɗori ya yi kyau, sai dai ta shafa shi ta ce a kawo na gaba.