Ranar da Barka da Ruwa Ta Tare Hanya

Duk abin da zan manta a aikin nan nawa, ban da yammacin wata ranar kasuwar Buza, farkon damina, shekarun baya kaɗan.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiyar manoma, ni ne mai kula da odinater, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni, wadda muke kira sarber. Aikinta guda ne: idan ruwa ya sauka can kan duwatsu, wakilanmu na ƙauyukan tudu su aiko da labari ta salula, ita kuma ta watsa gargaɗi ga masu amalanke da direbobi kada su shiga ƙorama. Wanda ya san ƙasarmu ya san halin ƙorama. Kana tsaye cikin rana tsaka, yashi a bushe, sai ruwan da aka yi a wani gari ya zo maka kamar an ɓalle bango.

Sarber kuwa tana da tsarinta. Saƙo in ya iso, kansa take fara karantawa: daga wa, me yake so, nawa ne nauyin kayan da ke biye. Sai ta ba shi hannu guda, ta tsaya har kayan su gama shigowa. Hannuwan nata ba su da yawa. Da yake rezo ɗinmu, wato layin sadarwa, sai a hankali, mun saita ta da dogon haƙuri, kada ta katse kowa.

To, a ranar an daɗe ana jiran ruwa, har an fita roƙo. Da ya sauka a tudu, mutanenmu suka yi abin da suka saba, wato barka. Kowane wakili ya ɗauki bidiyon gonarsa, da indararo na zuba, da yara na tsalle, ya turo mana don mu taya shi murna. Wallahi ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi. Amma bidiyon nan suna shigowa ɗigo-ɗigo, kowanne ya riƙe hannu guda ya ƙi saki, har hannuwan suka ƙare. Duk wanda ya zo daga baya sai ya tsaya a ƙofa.

Na leƙa waje, na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Nan na tuna da safe Inna, mahaifiyata, ta zo kasuwa daga wajen Deule, kuma bayan la'asar take komawa, ta cikin ƙoramar nan. Ba ta riƙe salula, ta ce ba ta magana da wanda ba ta gani. Ban kuma san amalanken wa ta hau ba. Gargaɗin da ke zuwa wa kowa shi kaɗai ne zai same ta.

Akwai wani dattijo, wakilinmu na bakin ƙoramar can sama, wanda maganarsa ce ke tayar da gargaɗin. Na kira shi har na gaji, layi bai shiga ba. Abokin aikina, wanda ya girme ni, ya tsaya a kaina yana kallon allon.

"Mi kake jira? Katse su duka mana."

Na ce masa ina tsoron in katse har da na dattijon, in yana ciki.

"In yana ciki, salula tai za ta sake aikowa. In yana waje, wa za shi buɗe mai?"

Na sauya saitin. Na ce wa sarber, daga yanzu in ta karanta kan saƙo ta ga kayansa masu nauyi ne, ta sallame shi tun daga ƙofa, wanda kuma ya yi shiru ya daɗe, ta sake shi. Na kashe ta, na tayar. Allon ya yi fayau, babu kowa. Sai salati nake a zuci.

Can sai ƙananan saƙonni suka fara faɗowa. Cikinsu ga na dattijon, kalmomi kaɗan: ƙorama ta taso, kada kowa ya shiga. Ashe tun ɗazu yake bakin ƙofa. Ina gani sarber ta karanta, ta amsa, gargaɗi ya fita. Amma ko ya riski su Inna kafin su sauka cikin yashin? Wannan allo ba ya faɗa.

Na hau babur na bi hanya. Tun daga nesa na ji rurin ruwa. Da na iso, sai ga amalanke jere a gaɓar wannan gefe, jakuna na tsaye, ruwa ja wur yana wucewa da wata ƙatuwar bishiya. Wani mai amalanke ya ce jakinsa har ya sa ƙafa a yashi salularsa ta yi ƙara. Inna na zaune bisa buhunta, tana gyara ɗaurin kallabi. Na durƙusa a gabanta.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma mi ya kawo ka? An ce injinku ne ya tsai da mu. To, Allah shi yi mai albarka, kai ma ka samu."

Na yi dariya, hawaye na zuba, ban ma ji kunyar mutane ba.

Daga baya muka buɗe wa barka tata ƙofar daban, don ba za a hana mutane murna ba. Ni dai abin da ranar ta koya mini shi ne, sauraron kowa har ya gama ba kullum ne adalci ba. Wani lokaci wanda ya fi kowa gajeruwar magana shi ne ke ɗauke da ran mahaifiyarka.