Maɓallin Baba Sannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, ina tsugune a shago ina ɗiga wa keken ɗinki mai, sai ga kiran 'yarka ta fari. Ban gama amsa sallamarta ba ta ce, "Tela, Baba ya cika." Ta ce ruwa ka nema, ka sha, ka ce a gyara maka matashi, ka yi salati, shi ke nan. Na daɗe riƙe da gwangwanin man nan, na rasa inda zan ajiye shi.

Yawancin waɗanda za su karanta wannan ba su san ka ba, Baba, don ba ka taɓa riƙe muƙamin da za a san ka da shi ba. Ƙaramin gandiroba ne kai. Ka shiga aikin gidan yari da baƙin gashi, ka fito da furfura, igiyar kafaɗarka tana nan yadda aka ba ka ita. Sunanka na yanka yana takardun aiki. Mu dai da muka zauna a ciki Baba Sannu muka sani, saboda ba a taɓa yin mutum mai doguwar gaisuwa irinka ba. In ka tare mutum a hanya sai ka tambayi gida, ka tambayi yara, ka tambayi mai jiki, ka dawo ka sake tambayar gida. Abokan aikinka har kwana suke sauyawa in sun hango ka. Ni ma da farko na ɗauka tsufa ne kawai da rashin abin yi.

Ni tela ne. Wani ya kawo mini yadi na ɗinka masa, ashe na sata ne, shi ya gudu, ni aka kama. Aka kai ni ɗakin masu jiran shari'a, inda mutum ba a yanke masa hukunci ba amma ya riga ya fara biya. A ɗakin nan komai na sayarwa ne. Wurin kwanciya kusa da taga yana da kuɗinsa, tsakiyar ɗaki yana da nasa, wanda ba shi da ko sisi kuma ya kwana jikin bokitin da kowa ke kama ruwa a ciki. Mai rabon wuraren fursuna ne ɗan'uwanmu, wani ƙato da ake ce wa Ciyaman, yana da zaratansa biyu. Abin da ya tara kuwa ba shi kaɗai ke ci ba. Akwai wani gandiroba, Sajan, shi ke kawo waya, shi ke buɗe ƙofa, shi ke ɗaukar kaso mai tsoka.

Yadda suke yi ba ɓoyayye ba ne. Da tsakar rana, lokacin da manya suka tafi cin abinci, sai a ja baƙo zuwa ɗakin ajiye itace da ke bayan kicin. A kira gidansu, a kara masa waya a baki, a fara dukansa, don uwarsa ko matarsa ta ji da kunnenta. Ba wanda zai ji ɗansa yana wannan ihu ya tsaya ciniki. Kuma kafin su taɓa mutum sai sun tambayi sana'arsa. Direba, ƙafa suke nema. Mai ɗaukar kaya, gadon baya. Da na ce ni tela ne, Ciyaman ya kamo hannuna na dama yana jujjuya shi, yana murmushi.

Ba ni da uwa, ba ni da uba. Yayata ce ta raine ni, kuma abin da muka gada duka-duka keken ɗinkin mahaifinmu ne, da shi nake ci da ita da marayunta. Ita suka kira. Suka sa yatsuna a tsakanin ƙofa da bango, wajen da ƙyaure ke juyawa, suka fara turawa a hankali. Ina jin muryar Yaya a waya tana cewa, "Ku bari, don girman Allah ku bari, zan sayar da keken!" Ni kuma ina ihu ina cewa kada ta sayar. To me ya rage? In ta sayar, na fito ba abin ɗinki. In ta ƙi, na fito ba yatsun ɗinki. Ko ta wace hanya, gidanmu ya mutu.

Sai muka ji ana jan kujera a ƙasa, ƙiii, ƙiii. Sai ga ka, Baba, da tsohuwar kujerar robar nan taka mai ɗaure da waya, ka yi sallama kamar ka shigo zauren suna.

"Sajan, sannu da aiki. An yini lafiya? Ya Hajiya tsohuwa da ƙafa? An samu maganin nan kuwa?"

Sajan ya sha mur ya ce da sauƙi.

"Madalla, madalla. Ya amarya? Ya ɗan jaririn, ya fara zama? Kai, Allah ya raya. A'a, Ciyaman, ashe kana nan, sannu. Rannan na ga gyatumarka a bakin ƙofa, rana ta dake ta, na ba ta ruwa. Ta ce in gaishe ka, ta ce ka riƙa salla."

Har ni ba ka bari ba. Hannuna yana cikin ƙofa, hawaye da majina sun haɗe mini, ka dube ni ka ce, "Tela, sannu da zama. Ya baƙunta?" Sannan ka gyara kujerarka a bakin ƙofar ka zauna, ka ce su ci gaba da aikinsu, kai inuwa ka biyo, ta nan ta fi sanyi.

Ba ka da igiyar da za ka ba Sajan umarni. Ka kuma san in ka kai ƙara sama, wataƙila kan teburin mai kaso za ta sauka. Abin da kake da shi furfura ce da idanu biyu da wannan gaisuwa taka, kuma da su ka yi aiki. Mutum yana iya karya yatsun wanda bai sani ba. Amma ya karya su a gaban tsohon da ya gama tambayar lafiyar uwarsa yanzun nan, wannan sai wanda Allah ya tsine wa gaba ɗaya, su kuwa da sauransu. Wanda ke riƙe da ƙyauren ya sake shi da kansa, ya hau sosa ƙeya.

Daga nan ka buɗe tafin hannunka, sai ga maɓalli. Ka ce, "Sajan, ara mini telan nan, maɓallin kakina ya cire, kuma gobe akwai fareti."

Na ɗinka maka shi a gindin bishiyar da ke tsakar gida, sai da na soki kaina ya fi a ƙirga. Washegari da tsakar rana, daidai lokacin da manya ke tafiya cin abinci, sai ga ka a ƙofar ɗakinmu: "Ina Tela? Ya sake cirewa." Jibi ma haka. In ba na gaba ba, na aljihu. In ba na aljihu ba, na hannu. Fursunoni suka fara tsokanata wai ɗinkina ba ya kwana. Ni kuwa tun rana ta biyu na gane, don tela ya san zaren da ya tsinke don kansa, ya san wanda reza ta bi ta kansa. Ban ce maka komai ba, kai ma ba ka ce ba, har ka koma ga Allah ba mu taɓa yin maganar nan ba.

Kuma ba a banza kake zaunar da ni a tsakar gida ba, inda kowa ke wucewa. Duk hafsan da ya gitta sai ka tsayar da shi da gaisuwa, ka nuna masa ɗinkin, ka ce ya duba hannun yaron nan. Wannan ya kawo wando a rage masa, wancan ya kawo riga. Kafin wata ya ƙare ina zaune a kan tsohon keken gidan ina ɗinka wa 'ya'yan babban jami'i kayan makaranta. Daga ranar yatsuna suka zama kayan gwamnati. Wa zai karya hannun da mai gida ke jiran ɗinki daga gare shi? Ka aika wa Yaya cewa ta bar keke inda yake. Da alƙali ya sallame ni, a kansa na dawo na zauna, shi ne kuma nake ɗiga wa mai ranar da aka kira ni.

Ba zan yi maka ƙarya ba don ka mutu, kai ma ba za ka so ba. Ba kowa ka cece shi ba. Kujerarka ɗaya ce, ranar hutunka kuma ɗakin itace ba ya hutu. Akwai wani direba da muka zauna tare, har yau da sanda yake tafiya. Ka taɓa ce mini duk ran da ka gan shi abinci ba ya shigar maka. Kai ma kuma ka sha naka. Abokan aikinka suka ce kai munafuki ne, suka daina cin abinci da kai, aka yi ta tura ka gadin ƙofar waje cikin rana, ƙarin girma ya riƙa tsallake ka yana faɗawa kan yaran da ka koya wa ɗaura bel. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Waɗanda suka yi maka haka ma, da safe kai ke fara gaishe su.

Bayan ka yi ritaya aka turo masu bincike, saboda wani ya mutu a ɗakin itacen nan kuma danginsa sun ƙi yin shiru. Mutane da yawa suka ce ba su ga komai ba. Kai ka sa tsohon kakinka ka je, ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya har shugabansu ya fara duba agogo, sannan ka faɗi abin da idonka ya gani, ba ƙari ba ragi. Ganin ka tsaya ya sa mu ma muka tsaya, ni da direba da wasu. An kori Sajan, an watsa su Ciyaman. Ban ce gidan ya zama aljanna ba, har yanzu akwai masu miƙa hannu. Amma ɗakin itace an fasa masa taga, an cire ƙyauren nan, an zuba kekunan ɗinki. Duk mako ina zuwa can ina koya wa masu jiran shari'a ɗinki. Akwai kuma wasu samarin gandirobobi da suka tashi a hannunka. Rannan da tsakar rana na ga ɗayansu yana jan kujera zuwa bakin wani ɗaki, ba wanda ya aike shi. Sai da na juya baya na share ido.

Da na isa gidanka ranar Laraba, na tarar an auno farin yadi ana neman wanda zai kai wa tela. Na ce ba inda za a kai shi. Na zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna, matarka, na zaro allura da zare daga aljihu. Tana daga ciki tana kallona, idanunta sun kumbura. Can ta ce, "Kai ne telan maɓalli ko?" Na ce ni ne, Inna.

Ta ce, "Ka san irin faɗan da muka sha a kanka? Kullum da safe sai ya ɗauki reza ya yanke abin da aka ɗinka jiya. Na ce Malam, so kake a ce matarka ko maɓalli ba ta iya sawa ba? Sai ya ce in yi haƙuri, akwai wani yaro ne da yake so ya fita da hannunsa."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗinki. Da na gama na ninke na miƙa mata, ta shafa shi, ta ce, "To, wannan dai ba shi da maɓallin da zai cire." Muka yi dariya, ni da ita da 'ya'yanka, dariyar da ta ƙare da kuka.

Na yi ɗinki iri-iri a rayuwata, Baba, amma ban taɓa yin wanda na natsu a kansa kamar likkafaninka ba. Da yatsun nan goma na yi shi, ba wanda ya karkace, ba wanda ya ƙage. Kai ka bar mini su, ga shi sun yi maka aikin ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka na kirki, da duk wanda ya taɓa jin ƙarar kujerarka ya samu numfashi. Yaya ma ta ce in isar da tata, ta ce ba ta taɓa ganin fuskarka ba amma muryarka da ta ji a waya ranar nan ba ta fita kunnenta ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Yadda ka zauna a bakin ƙofa don kada a cuci bayinsa, Allah ya tsare ka daga duk abin tsoro, ya sa mala'ikun rahama su tarbe ka da gaisuwar da ta fi taka tsawo. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke tsare bisa zalunci, ya shiryi masu riƙe da makullai, ya yawaita mana irinka a cikinsu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Sannu, Baba. Sannu da aiki.