Faifan da Na Kai Gonar Gero

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Sau uku ina farawa a bayan tsohuwar kalanda ina yagewa. Karatuna bai wuce firamare ba, abin da zan faɗa kuma ba na yabo ba ne. Amma akwai tambayar da ta hana ni sakat fiye da shekara ashirin, kuma ba zan iya yi wa kowa ita ido da ido ba.

A wancan lokacin ina aiki a wani shago kusa da tasha a Tudun Wada. Maigidana, wani Alhaji, hoto yake ɗauka, ni kuma ina kan tafireta: takardar neman aiki, katin biki, wasiƙar koke. Shekara goma sha ɗaya kujerata tana bakin taga, inda duk mai wucewa zai gan ni ya ce, "Malam, sannu da aiki." Takarda ba ta barin hannuna sai na karanta ta sau uku.

Saura shekara biyu a shiga dubu biyu Alhaji ya sayo kwamfuta daga Kano. Da ya ce yana neman wanda ya iya ta, ni da bakina na gaya masa akwai taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya gama sakandare kuma ya yi wata shida yana koyon ta a birni. Ban san ramin kaina nake haƙawa ba. Ranar da ya fara aiki aka ɗauke tafiretata aka kai ta lungu kusa da randa, aka ɗora kwamfuta a bakin taga.

"Bawa ya hau kujerar ubangidansa," in ji ni, ina dariyar yaƙe.

Ya ce, "Ubangidan da ke buga harafi da yatsa biyu kamar kaza tana tsattsagar tsaba? Ɗebo min ruwa tun da kana kusa da randa."

Wasan taubasai ne, tun muna yara muke yin sa. Amma a shagon nan ya daina yi min daɗi. Masu wucewa shi suke gaisarwa. Wani ya taɓa ce masa injiniya a gabana, na kwana biyu abinci bai yi min ɗanɗano ba.

Bayan wata guda wani mai gyara ya zo daga Kano ya buɗe cikin kwamfutar ya cusa mata wani koren abu mai kama da allon yara ƙarami. Katin hoto suke ce masa. Ya zo da faifai ɗaya mai ƙyalli. Aka sa shi a ciki, ya yi ta juyi, aka fito da shi aka jefa a kwali. Daga nan wata 'yar alama ta bayyana a ƙasan gilashin kwamfutar, kusa da inda agogo yake. In taubashina ya danna ta, sai shafi ya buɗe inda yake daidaita launi da girman hoto, fuskar mutum ta fito kamar za ta yi magana. Yaran yanzu manhaja suke ce wa irin wannan.

A shagonmu duk abin da ya shiga inji ya fito, ya gama amfaninsa. Fim in an wanke shi ba ya komawa kyamara. Ribon ɗin tafireta in ya bushe sai shara. Na ga faifan nan wata biyu a kwali tare da tsofaffin kaset, ba wanda ya waiwaye shi, sai na ɗauka shi ma fanko ne.

Lokacin gero ya fara nuna. Surukina da ke Yako ya aiko yana neman tsofaffin kaset, domin ana zare zarensu a ja shi a kan gona, in iska ta kaɗa ya yi ƙyalli da ƙara, tsuntsaye jan-baki su tsorata. Ban taɓa ɗaukar ko allura a shagon ba tare da izini ba, don haka na ɗaga kwalin na ce, "Alhaji, tarkacen nan fa?" Yana tsakiyar gyara wa wani zaman hula, bai ko juyo ba ya ce, "Kwashe, sun tare min wuri." Da na kai wa surukina, tsohon ya fi murna da faifan fiye da kaset ɗin duka. Ya zura igiya a hujin tsakiyarsa ya rataye a kan gora a tsakiyar gona.

Mako uku bayan haka janareta ya mutu ana cikin aiki. Da aka sake tayar da shi, kwamfuta ta kama, amma komai ya yi ɓaro-ɓaro, launi ya dagule. Taubashina ya danna alamar nan. Wata 'yar kwalba mai yashi ta fito, ta juya, ta ɓace. Ya sake dannawa, haka. Karo na uku wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, ya tsaya ya karanta.

Aikin da ke hannu na wani dattijon Bafulatani ne daga Falgore, yana son kalanda da hotonsa tsaye kusa da farin bijiminsa. Ya leƙa gilashin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tawa fuskar ban damu ba, yaro, na san ta. Amma bijimin nan fari ne. Wannan shuɗin na waye?"

Kowa ya yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi, Allah Ya yafe min.

Kwana huɗu yana fama. Ya kashe ya kunna ban san adadi ba. Ya zare wayar da ke bayan gilashin ya mayar. Ya kwance murfin da sukundireba, ya ciro katin, ya goge haƙoransa da robar fensir, ya hure ramin, ya mayar. Ya shiga wasu wurare a cikin kwamfutar ya rage launi ya ƙara. Duk lokacin da ya danna alamar, sai kwalbar yashi ta juya ta ɓace. Ni ina lungu ina buga takardu, kuma ban taɓa jin ƙarar tafireta ta yi min daɗi kamar a kwanakin nan ba. Masu jira da suka gaji suna dawowa wurina.

Ran Laraba Alhaji ya ce, "In Asabar ta yi bai tashi ba zan kira na Kano. In kuwa sai na kira na Kano, to ban ga amfanin mai zama a taga ba."

Da Alhaji ya fita salla, taubashina ya zo lunguna ya tsuguna. Bai ce min ubangida ba, bai ce kaza ba.

"Ɗan kawu," in ji shi, "wani abu ne ya goge a ciki, sai an sake zubawa daga faifan da ya zo da katin. Na birkice shagon nan kaf. Don Allah ba ka gan shi ba?"

A lokacin na gane abin da na rataya a gona. Na dubi gumin da ke goshinsa, na dubi kujerar bakin taga.

Na ce, "Wane faifai za a tambayi mai yatsa biyu?"

Ban ce ban gani ba. Shekaru na yi ina riƙe da wannan kamar zai wanke ni.

Washegari na ce surukina ba shi da lafiya, wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, na hau ƙaramar bas zuwa Yako. Tun daga bakin gona na hango shi yana juyawa yana walƙiya, ba tsuntsu ko ɗaya a kusa. Na kwance shi. Gefensa ya fara ɓarewa, igiya ta goge kewayen hujin, ga kashin tsuntsu a gefe guda. Tsoho ya ce, "Kai kuwa, da ma aro ka ba ni?" Na goge faifan da hannun rigata na sa a aljihu.

Ran Juma'a yana aljihuna tun safe har aka rufe shago. Sau biyu na miƙe. Na farko, sai wani ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, yaya aiki?" na koma na zauna. Na biyu, na ce wa kaina ai ya lalace, in na fito da shi ni zan sha kunya a banza, shi kuma bai tsira ba.

Na Kano ya zo ran Asabar. Ba shi da irin faifan, sai ya cire katin ya sa wani daban da nasa faifan. Bijimi ya koma fari. Alhaji ya sallami taubashina cikin mutunci, ni kuma aka koya min buga takarda a kwamfuta, na koma bakin taga. Alamar da ke kusa da agogo ban taɓa danna ta ba, Alhaji ne ya koyi wannan.

Taubashina ya tafi Doguwa ya shiga sayen masara. Yau manyan motocinsa biyu ne ke ɗaukar kaya. Duk salla yakan zo gidana, tun daga zaure yana kira, "Ina ubangidana mai yatsa biyu?" Yakan ce wa yarana barin shagon nan ne mafarin arzikinsa. In ya faɗi haka ba na jin sauƙi, wani sabon kishin ne yake taso min, in ce wato ko korarsa ma alheri ta zame masa. Sai in yi istigfari in kawo masa ruwa.

Faifan yana nan a ƙasan akwatina, naɗe a cikin tsohuwar hula. Mako uku ya yi a rana, ruwan sama ya dake shi sau huɗu a lissafin surukina. Ƙyallin ya ɓare daga gefe kamar faɗin farce, tsakiya kuwa akwai 'yan zane-zane amma ba su yi zurfi ba. Masu karatu, a cikinku akwai waɗanda suka yi aiki da irin kwamfutocin wancan zamani. Ina roƙon wanda ya sani ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu: faifai a wannan hali, da na miƙa shi ran Juma'ar nan, kwamfuta za ta karanta shi, shafin ya buɗe? Kada a tausaya min a amsar. In har zai yi, ina so in gaya masa da bakina kafin sallar da ke tafe.