Mzee Gikonyo da Taswira Biyu

A da, in aka ce wani ya san hanya a Nairobi, to Gikonyo ake nufi. Da babbar mota ya fara, Mombasa zuwa Kampala, tun yana saurayi. Da bayansa ya fara ciwo sai ya dawo gari ya kama tasi, ya zauna a tashar da ke gindin wani tsohon otal har furfura ta cinye kansa, kowa ya koma ce masa Mzee, wato dattijo. Bai taɓa riƙe taswira ba. Taswirar me? Kwatancensa irin namu ne: ka wuce gidan man da ya ƙone, ka bar mai gasa masara a hagu, in ka zo inda silima take a da sai ka sha kwana. Gidan man nan ya ƙone tun ba a haifi fasinjan ba, amma a bakin Gikonyo yana nan daram.

Motarsa 'yar gwanjon Japan ce, irin da ake saukewa a Mombasa, fara, da allo a gaba. Kamar kowace irinta, da ya murɗa makulli sai wata mata ta gaishe shi da Japananci daga cikin allon, ta yi ta zuba, ba mai jin ko ɗaya. Taswirar ciki kuwa ta ƙasarsu ce, saboda haka kullum motar Gikonyo a tsakiyar shuɗin teku take. Shi ko a jikinsa. Sai ya amsa wa matar da "Lafiya lau, 'yar nan," ya ja motarsa. In fasinja ya tambaya, ya ce masa yau a jirgin ruwa za su.

Sai garin ya rikiɗe. Aka fasa shataletale, aka ɗora gada kan gada, aka zagaye gari da sabbin tituna. Kai, Allah ya isa tsakaninmu da masu tonon nan! Ran nan ya ɗauki wata tsohuwar fasinjarsa, Mama Akumu, zai kai ta ganin likita. Ya kama hanyar da zai iya rantsewa ta asibiti ce, sai ga su a kan sabon titin nan na sama, wanda in ka hau ba ka sauka sai inda ya ga dama. Can wajen filin jirgi suka sauko. Kafin su dawo likita ya tashi. Mama Akumu ba ta yi faɗa ba. Abin da ya fi faɗa ta yi, ta buga wa 'yarsa Wangeci waya.

Wangeci nas ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Da yamma ta dira gidansu na Buruburu, ta tarar da shi yana cin ugali, tuwon masararsu, uwarta Nyokabi na tsintar wake a gefe.

"Baba, ba yau farau ba fa. In ka sake ɓata, makullin nan ni zan riƙe."

"Ni zan ɓata? A Nairobi? Ke, hanyoyin ne suka ɓata, ba ni ba!"

"To, kada hanyoyin su sake ɓata kana kansu."

Ta karɓi wayarsa ta sa masa taswira, ta yi wa gida alama, ta nuna masa inda zai danna. Ya yi ta gyaɗa kai, ba abin da ya shiga. Tsoro ne ya cika shi, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Motar nan ita ke tashinsa da safe. In aka karɓe ta, sai zaman ƙofar gida da rediyo, kamar maƙwabcinsa da ba ya magana sai da kaji.

Washegari ya kai maganar tasha, kuma nan ne ya yi kuskure, domin a tashar nan ba a taɓa samun mutum biyu a kan magana ɗaya ba. Ondiek, wanda rabin fasinjojinsa ta waya yake samu, ya ce, "Mzee, taswirar wayar nan kyauta ce, ɗan data kawai. Yau a buɗe hanya, gobe ta sani. Har goslo tana gaya maka."

Mutiso, mai motar kusa da shi, ya kurɓi shayi ya yi tsaki. "Kyauta? Kafe ta a gaban mota ka shiga goslo gilas a buɗe, ka ga kyauta. Hannu zai shigo ta taga, kai da ita sai a lahira. Ni wannan wayar taka ta taɓa kai ni wata unguwa ta ce in miƙe, gabana rami ne."

"Ramin ma ai da ka bi shi da ka isa da wuri."

"Rufe mana baki. Mzee, je ka titin Kirinyaga, akwai masu canza katin allo. Matar motarka ta koyi Turanci, ta koyi Nairobi. Wa zai fizge allo ta taga?"

Gikonyo ya dubi wannan, ya dubi wancan, kansa ya ɗaure tamau. Amma maganar Mutiso ta fi kwanta masa. Abin da ba ka biya ba, yaya za a yi ya san hanya? Kuma matar nan sun daɗe tare, kunya ma ba ta bari ta yaudare shi.

Ya nufi titin Kirinyaga. Mai shagon, wani gajere mai haƙorin zinariya, ya zare ƙaramin kati daga allon ya cusa wani, ya karɓi kuɗin da ya kai cefanen wata guda, ya rantse taswirar bana ce. Aka murɗa makulli. Tabɗi! Teku ya ƙafe, ga Nairobi shimfiɗe da sunayen titunanta, ga matar tana Turanci rangaɗaɗau. Gikonyo ya ji wani daɗi har ya ƙara wa mutumin na shayi.

Daɗin bai kai mako ba. A cikin tsohon gari matar ba ta kuskure. Amma da ya hau sabon titin gewaye sai allon ya nuna shi a fili fetal, ba hanya ba alamarta, ita kuma ta kafa masa ƙahon zuƙa, ya juya, ya juya, ya juya. Ya koma wa mai shago.

"Ka ce ta bana ce."

"Mzee, ta bana ce, hanyar ce ta fi ta sabunta. Titunan garin nan kullum haihuwa suke. Wani katin na nan tafe, in ya iso kai zan yi wa ragi."

Wato ya sake biya ke nan, baɗi kuma ya sake. Ya fito bai san cuta aka yi masa ko gaskiya aka gaya masa ba. Sai ya yanke shawarar da ta fi kowacce rikici: zai kunna su duka biyu. Allo don tsohon gari, waya don sabo, a ɗora ta a cinya inda ɓarawo ba zai gani ba. Ya sa Ondiek ya yi wa gida alama a allon ma.

Ran Lahadi da la'asar ya sauke wasu 'yan coci a Syokimau, ya juyo shi kaɗai. Ya danna gida a allo, ya danna gida a waya. Wayyo! Matar allo ta ce dama, ta cikin waya ta ce miƙe. Ya bi ta waya, ta allo ta ce ya juya. Ya juya don kada ranta ya ɓaci, ta waya ta ce ya sake lale. 'Yan acaɓa na ta zaginsa, wani direban matatu, bas ɗin haya, ya leƙo ya ce, "Kaka, in barci kake ji je ka gida!" Zufa ta jiƙa masa riga. Ya daka tsawa, "Ku yi magana ɗaya bayan ɗaya mana!" Ya wuce wata gada, ya sake wuce ta, ko kuwa wata ce mai kama da ita, oho.

Can sai suka daina musu. Wannan ta ce hagu, waccan ta ce hagu. Ya shiga wani layi mai gidaje iri ɗaya, ya gangara a hankali. Ta waya ta ce ya iso. Ta allo ma ta ce ya iso.

Ya taka birki ya duba. Katanga, ƙofar ƙarfe, bishiyar gwaiba, igiyar shanya. Bai san wurin ba. Sai ma wani sanyi ya ji a ransa. Ashe duk biyun shirme ne, da ta kuɗin da ta kyautar! Gobe zai gaya wa Ondiek da Mutiso, zai gaya wa Wangeci, ta san ba shi ne mai laifi ba. Ga wata mata ta ba shi baya tana kwashe shanya. Ya sauke gilas.

"Baiwar Allah, don Allah ina ne gidan Gikonyo direba?"

Matar ta juyo. Nyokabi ce. Ta fashe da dariya, zane a kafaɗa. "Baban Wangeci, yau kuma wasan da ka zo da shi ke nan?" Sai ta dubi fuskarsa da kyau, dariyar ta tsaya. Ta ajiye kayan a kan katanga ta matso jikin motar.

Ya daɗe yana kallon ƙofar da shi da hannunsa ya kafa ta. A hankali ta dawo masa, ita da gwaibar, da layin gaba ɗaya.

"Maman Wangeci, layin nan an taɓa shi?"

"Ba a taɓa shi ba."

"Ko fenti?"

"Ko fenti."

Ya kashe motar. Ya zare makullin, ya miƙa mata ta taga.

"Kira min yarinyar nan," ya ce. "Ki ce mata ba hanyoyin ba ne."