Malam Sumana na Bayan Katangata

Daga Allah muka fito, kuma babu hanyar da ba a wurinsa take ƙarewa ba.

Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, daidai da sha huɗu ga Janairu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Sumana Yacuba, mutumin Tunuga, a gidan likita nan Gaya. Ciwon ƙirji ne, wanda sanyi ya kawo. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar ƴaƴa huɗu da jikoki tara, ya bar ƙanensa Malam Sanusi, ya kuma bar mu, mutanen lungun da ya kwana a cikinsa wata uku babu rufi a kansa.

Ni ba marubuciya ba ce. Allo na karanta, bokon ma da girmana na tsince shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ke yawo tun ranar jana'iza, wai Zahra'u, ƴarsa ta fari da ke aure a lungunmu, ta bar mahaifinta ya mutu a waje tana kwance cikin ɗaki. Maganar ta kai Tunuga. Ranar sadakar bakwai ta durƙusa gaban baffanta Malam Sanusi, ya kau da kai, ya ce kada ƙafarta ta taka gidansu ranar arba'in. Tun daga ranar ba ta cin abinci sai an tsare ta. Ni ce maƙwabciyar da mamacin ya jingina da katangarta. Na san abin da ya faru, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni dalilin shiruna. Saboda haka zan faɗa duka, har da wanda ba ya mani daɗin faɗa.

Malam, ka zo mana bayan ruwan damina ya cinye gidanka da rumbunanka biyu. Buhu ɗaya ka zo da shi, da buta, da wata tsohuwar koma ta kamun kifi da ka ce ba za ka bar wa kogi ba. Uwar ƴaƴanka ta riga ka da shekaru, sauran ƴaƴan kuma suna can nesa wurin nema. Mijin Zahra'u, Habibu direban kamiyo, babbar motar kaya, ya share maka ɗakin da ya fi kowanne a gidansa, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Ka tsaya a ƙofar gida ka yi masa doguwar addu'a, sannan ka ɗauki buhunka ka tsallaka lungu, ka ajiye shi gindin itacen bedi, wato dalbejiya, da ke bayan katangata.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce taurin kai ne. Mu mun san kunya ce. Zahra'u ƴar fari ce. Tun da aka haife ta bakinka bai taɓa furta sunanta ba, sai dai ka ce "waccan", ko "ta gidan Habibu". Namijin da aka rena yadda aka rene ka ba ya kwana ƙarƙashin rufin surukinsa, ba ya kai loma baki a gabansa. Da kunnena na ji ranar da Habibu ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa.

"Baba, don girman Allah ku shigo. Ni zan koma tasha in riƙa kwana cikin mota, ku zauna da jikokinku."

"In kore ka daga gidanka in hau gadonka? Tashi, ɗana, ƙasa na ɓata maka wando. Ni da na shekara arba'in ina kwana kan tsibiri, sanyin birni ne zai ba ni tsoro?"

Da farko ba wanda hankalinsa ya tashi, don akwai sauran zafi. Da rana kana bakin kogi kana gyara wa masunta komarsu, da yamma ka dawo gindin bedi. Sai ɗari ya sauka. Wanda bai taɓa kwana kusa da kogi a watan Disamba ba bai san yadda iskarsa ke ratsa riga ta nemi ƙashi ba.

In na fito rakiyar matan auren da nake koya wa karatu bayan la'asar, nakan tarar kana shiri kamar mai shirin tafiya. Ka tona rami marar zurfi daidai tsawonka, ka ƙona kara da ƙirare a ciki. In wutar ta koma garwashi sai ka rufe ta da yashi mai kauri, ka shimfiɗa karton biyu a kai. Ka ce haka masunta ke yi, domin ƙasa ce ke zuƙe ɗumin mutum, abin da ke ƙarƙashinsa ya fi abin da ya lulluɓa da shi amfani. Ka gasa bulo guda ka naɗe a tsumma don tafin ƙafa. Ka shafa man kaɗe a ƙirji, ka naɗe kai da kunnuwa da rawani, ka juya wa gabas baya. Ban taɓa ganin ka yi wannan aiki da gaggawa ko da ƙunƙuni ba.

Tun da aka rufe gadar kan iyaka lungunmu ba ya rabo da baƙi: masu jiran jirgin da zai ƙetara da su da safe, da direbobin da motocinsu suka yi makonni a tsaye. Kai da ba ka da masauki, kai ka zama mai masaukinsu. Ka koya musu gasa ƙasa, ka nuna musu wace katanga ke tare iska. Ba zan manta da wasu direbobi biyu da suka rufe kansu ruf cikin tamfol da furno, murhun ƙarfe, cike da gawayi ba. Da asuba ka ga ba su fito salla ba. Ka yaye tamfol ɗin, ka jawo su waje ta ƙafa kamar buhunan albasa, kana fifita su da karton kana kiran sunan Allah. Da ɗayan ya farfaɗo, ido jawur, sai ya ce, "Tsoho, wa ya aiko ka?"

Ka ce, "Addu'ar tsohuwarka. Gobe ka sake rufe kanka da gawayi, mu gani ko tana da saura."

Bargo uku Zahra'u ta saya maka. Duk ta hannuna suka bi, don ta san daga hannunta ba za ka karɓa ba. Takan ce, "Inna, ki ce naki ne." Ni kuwa ba na iya faɗin abin da ba haka ba, sai in ce, "Malam, ga shi an ce a ba ka." Na farko ya tafi Malanbil, ƙetaren kogi, a bayan wata mai goyo da jaririnta ke kukan sanyi. Na biyu na gan shi jikin mai taɓin hankalin nan da ke kwana bayan kasuwa. Na uku ka raba shi biyu da wuƙa. Kunun da kake sha kowace safiya kana sa mani albarka, shi ma ba nawa ba ne. Ita ke tashi tun kafin kiran farko ta dama, ta kawo mani a rufe. Na sha gaya maka. Sai ka dubi cikin ƙoƙon kamar ba ka ji ba, amma ba ka taɓa rage ko kurɓi ɗaya ba.

Wajen ƙarshen Disamba tari ya kama ka. Daga nan ne nawa ya fara.

A gidana akwai shagon mijina, marigayi Malam Harun, ɗaki mai ƙofa ta waje, a kulle tun rasuwarsa shekara biyu. Wata safiya Zahra'u ta shigo, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Inna, ke ba surukarsa ba ce, babu kunya tsakaninku. Na sa liman ya taɓa shi da maganar. Baba ya ce in Malama ta yarda, ɗakin baƙo ne, zai shiga."

Da na tashi a take na ɗauko mabuɗi, da ban zauna rubuta wannan ba. Amma na tuna babu babban namiji a gidan. Na tuna mazan da ke barin matansu su zo karatu wurina don sun san haka. Na ji tsoron bakin mutane, sai na sa wa tsoron nan sunan tsantseni, har ni kaina na yarda. Na ce mata ta ba ni lokaci in tambayi malaminmu. Shi kuwa malamin ya yi tafiya Karakara. Yana da waya, ina da lambarsa. Na ce a raina irin wannan mas'ala ba a tambayarta ta waya.

Kwana tara na yi ina jira. Katanga ɗaya ce tsakanin gadona da gindin bedi, kuma ta laka ce. Ina jin tarin. Da farko busasshe, daga baya mai nauyi, irin wanda mutum ke daɗewa kafin numfashinsa ya dawo. In ya yi shiru sai in riƙe carbi in saurara, ba na sakin ajiyar zuciya sai ya sake. Kowace safiya Zahra'u ta kawo kunu ta gaishe ni. Ba ta sake tada maganar ba ko sau ɗaya, tarbiyyarka ce. Fuskata kawai take duba, in sunkuyar da kai in ce, "Bai dawo ba tukuna." Habibu ya sayo magani a farmasi, ya kawo mai allura har gindin itace. Mai allurar ya ce maganin ba zai yi aiki ba muddin kana kwana a waje. Wannan ma na ji shi.

Ranar Litinin malaminmu ya dawo. Ban gama bayani ba ya katse ni.

"Salamatu, wannan kika zauna jira? Ɗaki mai ƙofa a waje, tsoho marar lafiya? Ke da kike karantar da mata haƙƙin maƙwabci? Tashi ki buɗe, kada ki tsaya yi mani sallama."

Na share shagon da hannuna, na shimfiɗa tabarma biyu, na sa garwashi ya kori sanyin ɗakin sannan na fitar da shi, yadda ka koya wa direbobi. Dab da magariba na kawo maka mabuɗi. Na tarar ka riga ka rufe ramin da yashi. Kusa da kai akwai wani dattijo Bafillace mai kumburarriyar ƙafa, wanda jirgin yamma ya tafi ya bari. Ka karɓi mabuɗin kana juya shi a tafin hannu. Muryarka ta dushe har sai da na matso.

"Na gode, Malama. Allah ya buɗe miki ƙofar da ta fi wannan. Amma yau na riga na gasa ƙasa, ga kuma baƙo. Ni kaɗai aka nema wa izini, ba zan shigar miki da wani namijin ba."

Ashe ka san abin da ya riƙe ni kwana tara. Ka kiyaye mani mutuncina fiye da yadda na kiyaye ka.

Na buɗe baki in ce ku shiga ku biyu. Wallahi na buɗe. Sai na tsaya ina tunanin ko amsar malam ta haɗa da baƙon da ban san asalinsa ba. Ina cikin wannan tunani ladan ya kira magariba. Ka ɗauki buta ka ce, "Gobe, in Allah ya kai mu." Na juya na shiga gida.

A duk sanyin bana ba a yi kamar na wannan kwana ba. Da asuba Bafillacen ya buga mani ƙofa da sandarsa. Ya ce kai ka kwantar da shi a kan ramin saboda ƙafarsa, kai kuma ka kwanta gefe kan karton da rabin bargo. Mun same ka numfashi na fita da ƙyar, jikinka kamar wuta, ƙafafunka kamar ƙanƙara. Zahra'u ta fito ba takalmi ba mayafi. Habibu ya ɗauke ka a hannu ya sa a mota. Ba ka sake magana ba.

Malam Sanusi, da kai nake yanzu, cikin girmamawa. Ka rasa yayanka, kuma ka ji an ce a waje ya kwana har ya mutu. Duk wanda ya ji haka dole ransa ya ɓaci. Amma ka ɗora fushin inda ba wurinsa ba. Ɗakin Zahra'u a buɗe yake tun ranar farko, kunyar da kuka gada kai da shi ce ta hana shi shiga, kuma ka sani, da kai ne ma ba za ka shiga ba. Ɗaki ɗaya ne a lungun nan da zai iya kwana a cikinsa ba tare da ya ji ya zubar da girmansa ba. Nawa ne. Ita ta roƙa, ni na jinkirta. Na san ajali na Allah ne, ba ɗakin da ke tare shi. Amma jinkirin nawa ne, ba zan bari a rataya shi a wuyan yarinyar da ba ta da uwa ba ta da uba ba.

Ranar arba'in, in muna raye, zan riƙo hannunta mu zo Tunuga. Ni zan fara yin sallama. In akwai wadda za a mayar daga bakin ƙofa, ni ce. Ita a bar ta ta shiga ta zauna cikin ƴan'uwanta ta yi kukan mahaifinta.

Ya Allah, ga bawanka Sumana ya zo maka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka saka masa da alheri gwargwadon baƙin da ya kwantar, ka haɗa shi da salihan bayinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sanusi da dukan dangi na Tunuga, ga Zahra'u da ƙannenta, ga Habibu da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri, ya daidaita tsakaninku, kada ya bar wannan rashi ya zama rashi biyu.

Ni kuma ina roƙonku ku yafe mani, tunda wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.

Salamatu, matar marigayi Malam Harun
Gaya