Ba Tamimu Ne Ya Kira Su Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha ɗaya ga watan Nuwamba 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Tamimu mutumin Zongon Kumasi, mai teburin turare da huluna a 125th Street. Yana cikin jera kaya ya faɗi, kafin motar asibiti ta kaishi rai yayi halinsa. Shekararsa sittin da ɗaya. Ya bar matarsa Hajiya Fusena da 'yarsa Sherifa.

Ni ne Issoufou ɗan Damagaram, direban taksi a Bronx. Wanda bai sanni ba to bai taɓa zuwa biki a New York ba, don ba auren da ake ɗaurawa ko sunan da ake raɗawa ba'a miƙo min makirfo ba. Na taɓa sa ɗan sanda dariya har ya manta dalilin da ya tsayar dani. Rubutu ne dai ba aikina ba, ku karanta a yadda ya zo muku. Yau kuma ba dariya na kawo ba.

Yaya Tamimu, shekara sha shida da sanina da kai. Sati na biyu a garin nan ina tallan agogo a Canal Street aka yi samame aka kwashe min kaya, na zauna bakin titi ina zagin Amerika da Faransanci. Kai ka tsaya a kaina kace, "ɗan Nijar, zagin ya isa, ka ci abinci?" Ka kaini gidanka Hajiya ta zubo min waake, shinkafa da wake irin na Gana, da kifi, washegari ka matsar da hulunanka ka bani rabin tebur. Wata bakwai ina gefenka ina cika ka da surutu. Ban taɓa jin kace na dameka ba, saidai kace, "Issoufou, numfasa."

Kuma ba ni kaɗai ba. Shekarun nan da sababbin yara suka cika gari, 'yan Gini da 'yan Senegal da 'yan Muritaniya, tsofaffin 'yan tebur suna ta ƙorafi wai sun ɓata kasuwa, a kira hukuma ta kwashe su. Kai ko sai kace, "titin na babanku ne? Mu da muka zo wa ya bamu izini?" Ka raba musu safar hannu lokacin sanyi, ka nuna musu inda ake saro kaya.

Maganarka kullum ɗaya ce, a bar mutum ya nemi abincinsa, a bar shi da rayuwarsa in dai bai taɓa wani ba. Kana cewa matar da take kitso tun tana 'yar shekara bakwai a unguwar Nima can Gana, wai sai ta zauna aji wanda bai taɓa riƙe mashaci ba ya bata takardar iya kitso. Mu muna ce maka Lauyan A-bar-kowa. Ni na laƙa maka sunan, ya kuma bi ka.

In zaɓe yazo, shugaban ƙungiyarmu Alhaji Kassim ya kawo ɗan takara, mu ɗinka masa kaftani mu ɗora masa hula a karkace, nayi masa kirari a ɗauki hoto, ace duk ƙuri'armu tasa ce. Kai sai ka miƙe kace, "kun ɗaure ƙuri'unku dami ɗaya kun kai masa har gida, to me zai sa ya sake tako ƙafarsa nan? Ku daina roƙon a baku lasisi ashirin ku raba tsakanin ku manya. Ku haɗa kai da 'yan Bangladesh da matan Mexico masu yanka mangwaro, kuce a daina kama mai talla. Magana ɗaya, ba sai addininku yazo ɗaya ba." Kai jam'iyyar nan ta libatariyan, masu cewa gomnati ta bar kowa, kake zaɓa, wadda bata taɓa cin ko kujerar mai gadi ba a unguwarmu. Nace maka ku taru dukanku ku shiga taksina, kujerar gaba ma ba kowa. Kayi dariya har hularka ta faɗi, kace, "ƙuri'ata ba caca bace da zan nemi wanda zai ci."

To yanzu ga abinda ya sa na zauna ina wannan rubutu.

Kowa ya tuna masallacinmu na Morrisania, wanda yake ƙasan bene. Shekara sha ɗaya muna salla a wurin, nan yaranmu suke karatun Asabar da Lahadi. A 2023 wani Kwaku, Kirista ɗan Gana, ya kama shagon dake saman kanmu yana saida sigari da shisha da wiwi. Warin yana saukowa har sahun gaba. Aka kira taro. Kowa yana kumfar baki, ni na fi kowa, nace a bani sati ɗaya in ban tashi Kwaku ba a canza min suna.

Kai ka tashi kace, "ni ban taɓa sha ba, kuma haramun ne, ban canza ba. Amma abinda Allah Ya hana daban, abinda za ka kirawo hukuma ta rufe ƙofar mutum a kansa daban. Na hau naje na sameshi. Ya yarda zai rufe ran Juma'a daga sha biyu zuwa uku, zai kuma juya fankar da take turo mana hayaƙi. Ku barni in ci gaba da magana dashi. In kuka kira masu duba gini, ginin za su duba. Ƙofarmu ɗaya ce, mu tamanin ne a rami, bamu da takardar izinin taruwa a wurin. Ranar da suka zo ƙasa za su fara sauka."

Aka yi maka ca. Wani yace Kwaku ya saye ka. Ni nace a'a, hayaƙin ne ya fara kama Lauya. Aka fashe da dariya, ka zauna. Taro ya tashi a kan Alhaji Kassim zai kai magana wurin ɗan majalisar da muka sa wa hula.

Ni ban iya jira ba. Ina so ace Issoufou ne ya gama da Kwaku. Ran Litinin na faka mota na kira lambar kai ƙara ta birni, na gyara murya na zuba musu Turancin da nake taƙama dashi. Matar ta tambayeni adireshi, na bata. Ta tambayeni ya akayi na sani, nace ai ni kullum ina ƙasan shagon, mu kusan ɗari muke taruwa a wurin. Wallahi da bakina na faɗa, har na ƙara mutum ashirin don maganar tayi nauyi.

Daga nan na wuce teburinka ina rangaji nace, "Lauya, na gama aiki, ka shirya yiwa abokinka ban kwana." Kai kaɗai na gaya wa, don nafi son in ga fuskarka. Ka dubeni kace, "me ka gaya musu?" Na maimaita maka. Ka ajiye kwalbar turaren dake hannunka kace, "Allah Ya kyauta."

Ran Alhamis masu duba gini suka zo. Shagon Kwaku sati biyu yayi a rufe ya buɗe. Masallacinmu har yau da kwaɗo a ƙofarsa.

Jama'a suka ce wa ya kira su? Sai wani ya tuna maganarka a taro, yace ai Tamimu ya faɗa ƙasa za su fara sauka, ya akayi ya sani in ba shi ya turo su ba, don ya nuna shi ne mai gaskiya? Kafin magariba magana ta cika guruf ɗin WhatsApp. Ina ciki ina karantawa. Ni da bana iya shiru ko a maƙabarta, ranar nayi shiru. Da naga shirun zai sa a zargeni, sai na saka wargi, nace Lauya ya ci shari'arsa ta farko. Mutum arba'in suka saka alamar dariya.

Aka cire ka daga ƙungiya. Kayi sallama a ƙi amsawa. Matan da suke sayen waaken Hajiya Fusena suka koma wani wuri. Auren Sherifa aka kama zaure mai cin mutum ɗari biyu, kujeru talatin basu cika ba, rabinsu kuma yaran nan ne masu talla. Ni aka sa zan riƙe makirfo, nace mura nake. Yarinyar da take ce min Uncle tun tana firamare.

Sau ɗaya nazo wurinka, bayan wata shida, nayi kamar turare zan saya. Nace, "Yaya, me ya hana ka faɗa musu?" Kace, "ni bana kai mutum ƙara, ko gun gomnati ko gun jama'a. Bakin naka ne. In na matsa maka ka faɗa, tsorona kaji, ba gaskiya ka faɗa ba. Ranar da ka shirya ka faɗa da kanka." Sannan ka ƙara min ƙaramar kwalba kyauta kace in kaiwa madam.

Na fita ina jin haushinka, har yanzu ma ina ji. Wannan a-bar-kowa taka ita ta cuce ka. Da ka kamani da wuyan riga ka ja ni gaban Alhaji Kassim da tuni an wuce wurin. Ka barni da zaɓina, ni kuma na zaɓi in ci gaba da zama sarkin biki. Shekara biyu da rabi kullum ina cewa Juma'a mai zuwa.

Ran jana'izarka naga abin mamaki. Waɗanda suka ƙi amsa sallamarka su ne a sahun gaba. Wani yana cewa Allah Ya yafe masa abinda yayi wa masallaci, saura suna amin da murya mai taushi, su ga masu yafiya. Kwaku yana tsaye can waje da baƙar riga yana share ido, yace min, "Kramo ɗin nan shi kaɗai ya taɓa hawowa shagona yayi min magana kamar mutum." Kramo shi ne malam a bakinsu.

Jiya da la'asar naje gidanka na tsuguna gaban Hajiya Fusena na faɗa mata komai. Na zaci za ta ce ai ta sani. Ashe ko ita baka gaya wa ba. Tace, "Issoufou, sau uku ina tambayarsa, sai yace ba shi bane, in ce to wane ne, yayi shiru. Har ya mutu akwai ranakun da nake kallonsa yana cin abinci ina cewa a raina ko dai shi ne." Batayi kuka ba. Nace ta yafe min. Tace, "ba ni za ka fara roƙa ba. Je ka rubuta a inda aka zage shi, da sunanka a sama."

To gashi. Alhaji Kassim, liman, 'yan ƙungiya, mata da maza, ba Tamimu ne ya kira su ba. Ni ne, Issoufou. Ku cire ni kamar yadda kuka cire shi, wannan karon kun samu mai laifin. Amma wanda duk ya ƙi amsa sallamarsa, ya san hanyar gidan, hawa na uku ne, ƙofar hagu. Kuma kar wanda ya sake cewa Allah Ya yafe masa maganar masallaci, bashi da laifin da za'a yafe a nan.

Allah Ya jiƙan Malam Tamimu, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya amsa masa duk sallamar da muka hana shi. Allah Ya sa Aljanna Firdausi ce gidansa. Ina miƙa ta'aziyya ga Sherifa da mijinta, da danginsa na Kumasi, da yaran 125th Street da suka rasa uba. Hajiya Fusena, Allah Ya baki haƙuri Ya tsaya miki. Na rubuta kamar yadda kika ce. Yafiya kuma bazan matsa miki ba, sai ranar da kika ga dama.