Tantuna Biyu da Surukina a Duwatsun Hatta

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka tashi daga unguwarmu ta Al Rigga a Dubai, mu biyar a mota: ni da uwargida, da 'yarmu ta fari mai shekara tara, da ƙaninta na goye, sai surukina, mahaifin uwargida, wanda ya zo daga Kano ganin likitan ido har ya yi mako uku a wurinmu. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san sana'ata, shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗaure kayan 'yan kasuwa a kasuwar Murshid Bazaar ina loda su a kwantena. Saboda haka, ba don yabon kai ba, lodin da na yi wa bayan motar nan ko allura ba za ta sami wurin shiga ba, kuma duk abin da aka nema da hannu ɗaya nake zaro shi.

Gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu, ba shan iska ne ya fitar da ni ba. Kwana goma kafin nan Baba ya kira 'yarsa ya ce idan zai koma gida zai tafi da jikarsa, ya riƙe ta a Kano. Dalilinsa shi ne wai a cikin akwati muke renon yara: daga ɗaki sai lif, daga lif sai motar makaranta, ƙafarsu ba ta san ƙasa ba, hannunsu bai iya komai ba sai latsa waya. Shi kuwa tsohon malamin dabbobi ne, rabin rayuwarsa a rugage ya yi ta. Uwargida ta gaya masa cewa ni da yarinyar mukan fita daji idan sanyi ya shigo, ya ce ai ya sani, hoto ake zuwa ɗauka. To ni ta ina zan fara? Suruki ne, tun da ya zo a kicin nake cin tuwona a tsaye. Yarinyar kuma 'yar fari ce, ba zan buɗe baki a gaban manya in ce ba zan iya rabuwa da ita ba. Kuma wallahi ba zan iya ba. Da na ga baki ya kasa, sai na ce bari in kai shi ya gani da idonsa.

Tsohuwar hanyar Hatta tana ratsa wani yanki na ƙasar Oman, mu masu biza ba ma bin ta, sai muka zagaya ta wajen Maliha. Titi sumul, ba rami ko ɗaya, sai dai kyamarorin kama masu gudu da suka jeru, waɗanda suka fi kowane ɗan sanda iya ladabtar da direba. Gari na wayewa benaye suka ƙare, jan yashi ya fara, ga raƙuma a bayan shingen waya. Nan Baba ya gyara zama. Ya ce waccan taguwar tana da ciki, wancan kuma tsutsa ce ke damunsa, duk daga cikin mota mai gudu. Mun tsaya a wani ɗan shagon shayi na Indiyawan Kerala, kofin karak, wato shayin madara mai kauri, dirhami ɗaya da rabi, gurasar paratha da ƙwai dirhami biyar. Baba ya kurɓa ya ce wannan ba shayi ba ne, alewa ce aka narkar, amma sai da ya shanye.

Kafin mu isa, bari in ba ku labarin tantunan, don su ne zuciyar tafiyar. Adadin mutanen da ake rubutawa a jikin jakar tanti kada ya ruɗe ku. Masu rubutawar suna jera mutane ne kafaɗa da kafaɗa kamar kifin gwangwani, ba jaka, ba takalmi, ba mai juyi a barci. Na san irin wannan lissafin sarai, shi nake yi wa katan kullum. Amma Bahaushe ba ya tafiya haka. Da tukunyarsa yake tafiya, da kular abinci, da buta, da darduma, da bargon da ya kai nauyin yaro. Don haka mu biyar, har da jariri, na mutum takwas na je nema a babbar kasuwar 'yan Sin da ke bayan gari.

Sharuɗɗana ba su da yawa, amma ban sassauta ko ɗaya ba. Dole dogon mutum ya iya miƙewa tsaye ya yi salla a ciki. Dole kuma a sami labule mai zif a tsakiya, Baba ya sami ɓangarensa da ƙofarsa, domin gara in kwana a mota da in miƙe ƙafa a gabansa. Na cire takalmi na shiga wanda suka kafa don nuni, na tsaya, na yi ruku'u, na kai goshi ƙasa don in ga ko kaina zai taɓa bango. Mai shagon, wani ɗan Pakistan mai fara'a, ya leƙo ya ce, “Habibi, masallaci za ka buɗe?” Na ce masa kusan haka ne. Daga ɗari takwas da hamsin muka yi ta ja har ya ce khalas, ya sallama a dirhami ɗari bakwai. Nauyinsa kilo goma sha takwas, wato aikin mota ne, ba na gadon baya ba.

Ƙaramin kuwa tun bara na saye shi, na goyawa a baya idan za a shiga inda mota ba ta zuwa. A nan kowane ɗan nauyi sai kafaɗarka ta ba da shaida a kansa. Na mutum biyu kilo biyu ne, na mutum uku biyu da rabi. Duk wanda na tambaya ya ce in ɗauki na biyu, tunda ni da yarinya ne kawai. Na kwanta a ciki na ji kafaɗata tana gogar bango, na ce a'a. Na ɗauki na uku, mai ƙofa biyu, wanda yake tsayuwa da kansa ko ba a kafa turaku ba. Abokaina sun daɗe suna yi mini tsiya, wai na sayi wahalar rabin kilo da kuɗina.

Wajen ƙarfe tara muka shiga Hatta. Duwatsu baƙi-baƙi tsirara, ba ciyawa, sai gonakin dabino a gindinsu da iska mai sanyi. Wurin da aka ware don masu kwana ya fara cika: ga 'yan Filifin da jitarsu, ga Indiyawa an ɗora ƙatuwar tukunya, ga wani iyali na 'yan ƙasa da muna tsayawa suka aiko mana da gahawa da dabino. Ƙasar wurin tauri gare ta, turaku uku na lanƙwasa kafin na haƙura na ɗaure igiyoyin a manyan duwatsu. Minti arba'in muka yi ni da uwargida kafin babban tantin ya miƙe. Baba ya zagaya shi sau biyu hannu a baya, ya ja igiya ɗaya ya ji ƙarfinta, sannan ya shiga ba tare da ya sunkuya ba, hularsa ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, “Madalla.” Wanda ya san shi ya san wannan kalma ba ta fita da arha.

Da la'asar iska ta taso da ƙarfi, a cikin tantin Baba ya ja mu salla, kowa a tsaye. Uwargida ta dafa shinkafa da wake da mai da yaji, ni kuma na gasa kaji. Na ja zif ɗin labule, na zauna a ɓangarenmu na naɗe ƙafa na ci abinci a zaune, karo na farko cikin mako uku. Ko don wannan kaɗai tantin ya biya ni.

Da safe na shirya shiga wani kwari ni da yarinyar, tafiyar awa guda zuwa wani ɗan tafki a tsakanin duwatsu. Nufina Baba ya ga fitarmu da dawowarmu. Sai ga shi ya ɗaura takalmi ya ɗauki sandarsa, ya ce shi da ya taka daji shekara talatin ba za a bar shi gadin tukunya ba. Uwargida ta dube ni, na dubi ƙasa. Muka bar ta da jariri muka kama hanya, ni da jakar baya, yarinyar a gaba, shi a tsakiya. Abin da ba mu sani ba shi ne ya sha maganin sugansa tun asuba, kuma ban da ruwan shayi bai sa komai a cikinsa ba.

Da farko lafiya lau, har yana nuna mata sawun awakin dutse. Wajen ƙarfe goma rana ta buɗe, kuma a kwarin nan babu bishiya ko ɗaya. Na ga tafiyarsa ta canza, sandar tana rawa a hannunsa, gumi ya jiƙa rigar. Kafin in yi magana ya tafi luu, na tare shi. Na zauna a kan tsakuwa na jingina shi a ƙirjina, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi sosai ba. Idonsa biyu, yana jin magana, amma jikinsa duk ya saki. Waya ba sabis. Hannuwana duka biyu suna riƙe da shi, rana kuma tana dukan kansa. Na dubi yarinyar na ce, “Ke, tanti.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta zare jakar daga bayana, ta fara ciro dabino daga aljihun gefe ta sa masa uku a hannu, ta buɗe gorar ruwa ta ajiye kusa da ni. Sannan ta shimfiɗa tantin, ta haɗa sandunan, ta gicciya su ta soke a kusurwa huɗu, ta bi ƙugiyoyin tana maƙalawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga turaku ba za su shiga ba, sai ta mirgino duwatsu ta danne kusurwoyin. Ta tsaya ta ji inda iska take fitowa, ta juya bakin tantin can, ta rufa wa tantin mayafinsa na sama don inuwa, ta naɗe ƙofofin biyu. Ban duba agogo ba, amma Baba bai gama cin dabino na uku ba ta ce, “Abba, shigo da shi.”

Ya miƙe ƙafafunsa sosai a ciki, ni kuma na sami wurin zama a gefensa ina yi masa fifita da malafata, ita tana bakin ƙofa tana miƙo ruwa. Da na mutum biyu na saya, da a waje zan tsuguna ina leƙe. Iska tana shiga ta wannan ƙofa tana fita ta waccan. Bayan kamar rabin awa rawar jikin ta tsaya, ya ƙara cin dabino da biskit, ya tashi zaune. Sai bin rufin tantin da kallo yake yi, yana duban yarinyar. Ita ta kwance kayanta ta naɗe, muka sauko shwaiya-shwaiya, sannu a hankali, yana dafe da kafaɗata.

Muka biya wani ɗan asibiti a cikin gari aka auna shi, aka ce ya daidaita, aka yi masa faɗan shan magani da yunwa. Daga nan muka naɗe babban tantin muka kamo hanya. Ni dai na riga na sa a raina zai tafi da yarinyar. Na fito don in nuna ni uba ne mai hankali, na ƙare da kai dattijo dutse ya kusa sumewa. Uwargida ta sayi zumar Hatta a bakin titi, kwalba dirhami ɗari, ko ciniki ban taya ta ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin aurenmu. Muka faɗa cunkoson yammacin Lahadi a mashigar Dubai, har muka iso Al Rigga ana kiran magariba.

Masu tambayata wane tanti za su saya, ga abin da na ƙaru da shi. Na mota, ku ƙara mutum biyu ko uku a kan yawanku, ku shiga ku tsaya a ciki kafin ku biya, kuma ku tuna da wa za ku kwana. Na goyo, kada ƙyashin rabin kilo ya sa ku sayi wanda mutum ɗaya zai kwanta ɗayan ya rasa wurin zama, domin ba kullum barci ne zai shigar da ku ba. Sannan duk wanda kuke tafiya da shi, komai ƙanƙantarsa, ya iya kafa shi ba tare da ku ba. Ina alfahari da zaɓina, ba zan ɓoye ba, amma alfaharin da nake yi da yarinyar nan ya ninka shi.

Washegari da yamma ina baranda ina kakkaɓe ƙurar tantunan, uwargida ta zo ta ce Baba yana kirana. Ni da kaina, ba saƙo ba. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, “Malam, wa ya koya mata?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ja carbinsa, sannan ya ce, “To ka ci gaba. Ba ni da abin da zan ƙara mata a Kano.”

Na ce to, Allah ya ƙara girma. Na fita na sauka matakala hawa biyu, na zauna inda ba wanda zai gan ni, na share idona.

Ranar Alhamis muka raka shi filin jirgi. Yarinyar ce ta ja masa akwati har bakin layi, ta yi masa sallama, ta dawo ta kama hannuna.